Hannun Dama na Kafinta

Kwana uku bayan harin, majami'u huɗu na unguwar sun haɗu a fili ɗaya suna addu'a. Can gefe, jikin bangon da harsasai suka huhhuje, wani mutum yana tsaye shi kaɗai. Garin katakon da ke gashinsa ya nuna kafinta ne. Wataƙila shi ya ƙera akwatunan gawawwakin. Idanunsa jajur, hannunsa na dama yana cikin riga, damƙe da ƙotar adda. Ba waƙar yake bi ba, hanyar da maharan suka bi yake kallo.

Fasto ya ce kowa ya riƙe hannun na kusa da shi. Wata tsohuwa ta miƙo nata, ya ba ta na hagu.

"Ɗana, a cocinku da hagu ake yi? Kawo na dama."

"Iya, ƙanena suka yanka a gabana kamar rago."

"Ni 'ya'ya biyu na binne jiya. Kawo."

Addar ta zame ta faɗi ƙasa, tsohuwar ta take ta. Jama'a suka ce amin, shi bakinsa bai buɗe ba, ita kuwa ba ta sake shi ba.