Kifayen Baba a Sabon Gilashi

Shekarar da Baba ya ɗauki retret, wato ritaya, daga koyarwa a lakwal, ya dawo daga Yamai da jajayen kifaye uku a cikin bokal, wata ƙwaryar gilashi mai faɗin baki. Inna ba ta yi murna ba. A Damagaram, inda fanfo kan yi kwana huɗu bai ɗiga ba, ta ce ba ta ga amfanin kifin da ba za a ci ba, ga shi yana shan ruwan da aka sayo wurin mai garuwa. Baba sai ya yi murmushi. Kullum da safe yakan zauna gabansu, ya barbaɗa musu abinci da yatsu biyu.

Cikin shekara biyu suka girma, bokal ya yi musu kaɗan, in ɗaya ya juya sai ya gogi ɗan'uwansa. Baba ya je wurin wani mai yankan gilashi a kasuwa ya ba shi awon babban akwati, bai faɗa wa kowa ba. Mako uku bayan nan ciwon zuciya ya ɗauke shi.

Lokacin ina aure a Mirriya, na zo na zauna da Inna. Washegarin sadakar bakwai sai ga mai gilashin da akwatin a kan amalanke, naɗe da tsohon bargo. Bai ji rasuwar ba. Da aka gaya masa, ya tsuguna a zaure ya daɗe yana addu'a, sannan ya tambaya ko ya koma da shi. Na shiga na sanar da Inna, ina tsammanin za ta ce ya koma. Sai ta ce a shigo da shi ɗakinta.

Na cika shi da ruwa, na ɗauko bokal zan juye kifayen nan take. Ta riƙe hannuna.

"Ba haka yake yi ba," in ji ta. "Sai ruwan ya kwana biyu a buɗe, warin maganin fanfo ya fita."

Ashe duk shekarun nan tana lura da yadda yake yi. Ita ta wanke tsakuwa sau uku, ta shimfiɗa a ƙasan akwatin. Da ranar ta zo ta haɗa tsohon ruwan da sabon a hankali, ta riƙa kwaso kifayen ɗaya bayan ɗaya da ƙoƙo. Biyu suka bazama ko'ina. Ƙaramin ya sauka ƙasa ya lafe a kusurwa, ya ƙi cin abinci. Inna tana takaba, ba ta fita, ta mai da tabarmarta kusa da shi tana jan carbi. A rana ta uku ya mutu.

Ta sa shi a ganye, ta tona rami a gindin lemun tsamin tsakar gida. Nan na ga kukanta, wanda ta ɓoye wa masu gaisuwa.

"Ko na yi kuskure a ruwan?" ta tambaye ni.

Na ce a'a, Inna, kin ga biyun lafiya lau. Ban sani ba ko ta yarda.

Ranar da zan koma Mirriya ta miƙo mini ledar abincin kifin da ta ƙare, ta ce mijina ya ba direbobin Yamai, su duba hoton da ke jikinta da kyau su sayo irinsa.