Igiyar Shanyar Gwaggo

Kafin likitoci su iso, kafin ma mai shara ya gama da baranda, za ka ji ƙarar bokiti a famfon bayan sashen motsa gaɓoɓi. Gwaggo ce. Ba gwaggon kowa ba ce a asibitin, amma tun daga babban likita har mai gadin ƙofa haka suke kiran ta, ni ma da na kusa kamo ta a shekaru na bi sahu. Takan tsoma tsofaffin tawul da rigunan matashin kai a ruwa, ta matse, ta shiga da su ɗakinta na ƙarshen baranda. A ɗakin akwai gado guda, da benci, da madubi mai tsaga a kusurwa. A jikin bango biyu masu kallon juna an kafa ƙusoshi a jere, wata bisa wata, daga daidai ƙirjin mutum har sama da kai. Sai ta zaro igiya daga aljihun rigar aikinta, irin wadda ake samu a kowane kanti, ta ɗaura. Baƙo sai ya ɗauka ɗakin wanki ya faɗo.

Ni ma haka na ɗauka ranar da na kai mai ɗakina.

An yi mata aikin sankarar mama, an cire na hagu, an kuma tsaga har cikin hamata. Likita ya ce saura haske: akwai injin da zai riƙa haska wurin don ya ƙone abin da wuƙa ta bari. Ranar da aka kira mu awo, aka kwantar da ita rigingine a wani siririn gado, aka ce ta ɗaga hannun hagu sama da kai, ta kama wani ƙarfe, ta tsaya haka ba motsi. Hannun ya taso daidai kafaɗa ya tsaya cak, kamar jakin da ya ga rafi. Ta ciji leɓe ta sake yunƙurawa, hawaye ya gangaro ta gefen ido ya shige kunnenta. Mai injin mutumin kirki ne, amma ba yadda zai yi. Ya ce idan hannu bai kauce ba, hasken ba zai sami hanya ba. Ya ba mu 'yan makonni. In lokacin ya cika hannun bai hau ba, gurbinta zai koma ga wata, mu kuma mu koma ƙarshen layi. Ita kuwa cutar ba ta bin layi.

Daga nan aka tura mu wurin Gwaggo. Ta dubi kafaɗar, ta shafa tabon da bayan yatsunta, ta ce, "Ƙanwata, wa yake miki wanki?"

Na gyara tsayuwa na ce ni ne. Na ƙara da cewa ni nake sauke mata tukunya, mahaifiyarta ke taje mata kai, 'yarmu ke sa mata riga, tun da aka yi aikin ba mu bari ta ɗaga ko ludayi ba. Na tsaya ina jiran yabo.

"Sannu da ƙoƙari, maigida," in ji Gwaggo. "Daga yau an sallame ka. Ga benci can, zauna, kada ka taɓa komai."

Mai ɗakina ta yi dariya, karon farko tun da muka ji sunan cutar. Ta ce, "Gwaggo, dama wankin nasa sai an maimaita."

Gwaggo ta san duk atisayen da ke cikin littafi, tana kuma sa a yi su. Amma ta lura cewa macen da aka yanke wa mama ta gaji da umarni: kwanta, tashi, buɗe, juya. In ka ce mata ɗaga hannu, zafin take jira tun kafin ya zo. Don haka sai Gwaggo ta miƙa mata jiƙaƙƙen tawul ta ce, "Taya ni shanya." Suna shanya suna hira, ta tsadar kaya, ta surukai, ta mazan da ba su san inda gishiri yake a gidajensu ba. Ni ina kan benci ina shan habaici ba damar ramawa. In mace ta juya baya tana gyara riga, sai Gwaggo ta faki ido ta mayar da igiyar ƙusa ta gaba.

Rannan ta ja ni baranda, ta rage murya kamar mai sayar da kayan sata. "Kuna da igiyar shanya a gida?" Na ce akwai. "To, ka sauke ta zuwa daidai inda hannunta yake kaiwa. Bayan kwana biyu ka ɗaga ta kamar faɗin yatsa. Haka za ka riƙa yi. Kada ta sani."

A nan ya kamata mai karatu ya san cewa Allah ya yi ni guntu, ya kuma haɗa ni da doguwar mace. Da farko aikin ba wuya. Da igiya ta fara nisa sai na koma taka kujerar tsugunno. In ta shiga wanka in yi wuf in hau, in kwance, in ɗaure, in sauko in ɗauki jarida ina haki. A raina ni ne babban ɗan leƙen asirin unguwa.

A kan bencin nan na ga abubuwa, wasu kuma matan da ke jiran layi suka ba ni labari. Akwai wata tsohuwa da ta ce ita ba ta zo asibiti don ta yi wa kowa bauta ba, ta naɗe hannu ta zauna. Gwaggo ba ta lallashe ta ba. Ta ɗauki tawul ta rataya shi a karkace, gefe ɗaya na jan ƙasa, ta ɗauki wani ta ɗora a cukurkuɗe. Tsohuwa ta kalla, ta kau da kai, ta sake kalla. Can ta miƙe tana cewa, "Wace irin uwa ce ta raine ki? Ba ni nan." Da hannun ciwon ta gyara shi. Akwai kuma wata matashiya da ba ta yarda ko mijinta ya ga ƙirjinta ba. Gwaggo ta lulluɓe madubi da zane, ta juya mata baya, suka yi ta shanya baya da baya har ranar da matashiyar da kanta ta yaye zanen.

Ba dukansu suka kai ƙusar ƙarshe ba. Wasu cutar ta riga igiyar sauri. Na taɓa ganin Gwaggo ita kaɗai a ɗakin, ta ɗora yatsa a kan wata ƙusa ta tsakiya, ta daɗe a haka. Ban tambaye ta ba.

Mu ma mun ga baƙar rana. Wa'adin da mai injin ya ɗiba ya kusa cika, hannun ya tsaya wuri guda ya ƙi gaba. Mai ɗakina ta yi jifa da tawul ƙasa, ta zauna bakin gado tana kuka mara sauti. Ta ce, "Gwaggo, a ba wata gurbin. Na gaji. Abin da Allah ya rubuta ba igiya ce za ta goge shi ba." Na buɗe baki zan yi wa'azi, Gwaggo ta harare ni na rufe. Ta ɗauki tawul ɗin ta ɗauraye, ta kwance igiyar a gaban idonmu ta sauke ta ƙusa guda. Ta ce, "Yau ni ma kafaɗata ciwo take. Mu yi ta ƙasa. Gobe ma rana ce." Mai ɗakina ta share ido, ta karɓi tawul.

Gwaggo, ke ce wadda ta san ranar ja da ranar sassautawa. Ke ce kika karɓi matan da suka zo suna ɓoye ƙirji da mayafi, kika mayar musu da hannuwansu. Igiya maganin ƙagewa, sannu ba ta hana zuwa.

Ranar awo na biyu, mai ɗakina ta kwanta, ta rufe ido, hannun ya tashi a hankali, ya wuce kunne, ya kama ƙarfen. Mai injin ya ce, "Haka nan, tsaya haka." Ta tsaya. Da muka garzaya ƙarshen baranda don mu ba da albishir, sai muka tarar da Gwaggo da wata sabuwar mace, igiya ta koma ƙusar farko. Gwaggo ta ce, "Madalla. Maigida, tunda kana tsaye, miƙo mini bokitin can."

An yi hasken, an gama. Muka sami shekaru, ba masu yawa ba, amma namu. Da hannun nan ta ɗaga jikanmu na fari sama da kanta yana ƙyalƙyala dariya. Da shi ta riƙa sauko mini da abin da ke saman kabad tana cewa, "Matsa, Malam, kada ka karye." Sannan cutar ta dawo ta cikin ƙashi, wannan karon ba igiyar da za ta yi.

Wata la'asar, tana kwance kusa da taga tana kallon tsakar gida, ta ce, "Malam, ka ga igiyar can?" Na ce na gani. "Kana tsammani ban san kai kake ɗaga ta ba? Kullum sai ka bar sawun takalminka a kan kujerata." Na ce to me ya hana ta magana. Ta ce, "Na ga ka sami abin yi. In na hana ka, kuka za ka zauna kana yi mini."

Gwaggo ta zo ta'aziyya bayan ta tashi aiki, da rigar aikinta a ƙarƙashin mayafi. Na ba ta labarin sawun takalmi, na ce asirinmu ya daɗe da tonuwa. Ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce, "Duk sun sani. Wace mace ce ba ta san tsayin igiyarta ba? Ta asibiti don kafaɗarsu nake ɗaurawa. Ta gida don ku ce. Namijin da bai da abin yi tsayawa yake a kan marar lafiya yana kallon ta kamar an riga an gama."

Ƙarshen watan nan Gwaggo za ta ajiye aiki. Ba a sa wa wani ɗaki sunanta ba, ba na kuma jin za a sa. Roƙona ga matasan da za su gaje ta shi ne, in an zo fenti kada a cire ƙusoshin nan. Ga 'yan uwana masu jinya kuma, tausayi ma yana ɗaure hannu. Ku bar wa marar lafiya ludayinta da matajinta, ku nemi kujerar da za ku taka.

Na je yi wa Gwaggo sallama makon jiya. Tana naɗe igiya ta tambaye ni ko na sauke ta gida. Na ce tana nan inda mai ita ta bar ta. Kowane wanki sai na jawo kujera na hau, maƙwabta na leƙe ta katanga suna tausaya wa guntun gwauro da bai da dabarar kwance ƙulli.

"To ka riƙa hawa a hankali," in ji ta. "Ba ni da igiyar gyaran ƙugu."

Na gode, Gwaggo. Allah ya saka miki, ya ba kafaɗarki hutu. Ni kuwa ga riguna can a bokiti suna jira, bari in ɗauko kujera.