Ƙyauren Ɗakina Ya Tafi Teku

'Yan ƙyaure ake ce mana, domin a kan ƙyaure muke hawan ruwa.

A shekarun nan Jidda rushe-rushe take yi. Tun ina yaro aka ture ganuwa, daga nan aka shiga tsofaffin gidaje ɗaya bayan ɗaya. Duk gidan da ya faɗi, akwai ƙyauren da za a yar. Mu kuwa 'yan dako ne a mina, inda jiragen ruwa ke sauke kaya. Kwana shida buhun shinkafa da siminti a wuyanmu. Juma'a babu aiki. In sanyi ya shigo, iskar arewa ta taso, ruwa yakan yi tozo a bakin duwatsun murjani, can gaba da Ruwais. Sai mu kwanta rub da ciki a kan ƙyaure, mu jira igiya ta kwaso mu ta watsar a yashi. Mu tashi, mu tofar da gishiri, mu koma. Iyakar wasan ke nan. Ba a samun komai a ciki sai ƙujewar gwiwa.

Babbanmu kafinta ne, Bahaushen Sudan, ya zo aikin hajji bai koma ba. Kawu muke ce masa, duk da ba ya haɗa jini da kowa a cikinmu. Shi ke cire ƙusoshi, ya sa zarto ya zagaye kan ƙyaure kamar hancin kwalekwale, ya shafe shi da man kifi don kada ya sha ruwa. Man nan wari gare shi. Daga teku masallaci muke wucewa, kuma ko mun yi wanka, sahunmu kullum da fili a gefe da gefe.

Sai abokina. Lungu ɗaya aka haife mu a unguwar Ammariyya. Kakanninmu da ƙafa suka zo daga ƙasar Hausa, mu kuma ko Ɗa'ifa ba mu taɓa zuwa ba. Ƙyaurensa kore ne, daga bayan gidan wani attajiri aka ciro shi, yana alfahari da hakan.

"Wannan ya ga abin da ko matan gidan ba su gani ba," in ji shi. "Ku riƙa gaishe shi."

Shi ya fara durƙusawa a kan ƙyaure. Shi ya fara miƙewa tsaye. Ranar da ya miƙe, igiya ta kwance masa futa, zanen da muke ɗaurawa a ƙugu, ya iso bakin yashi tsaye kamar yadda uwarsa ta haife shi, hannu ɗaya a sama yana gaida masunta. Shi ya sa wa Kawu ƙaguwa a jakar kayan aiki. Shi ya ɗaure min ƙafa da ƙyaurena ina barcin rana, sannan ya yi ihu wai ga ɗan sanda. In ya shigo wuri sai kowa ya taɓa aljihunsa, ya duba inda zai zauna.

Wata Juma'a bai zo ba. Muka ce zazzaɓi. Ta biyu ma bai zo ba. A mina ma babu shi.

Akwai tarbiyyar da aka yi mana. Namiji in ya rufe ɗakinsa, ka tsaya a waje ka yi sallama sau uku. In bai amsa ba, ka juya. Ba ka leƙe, ba ka turawa, ba ka tambayar me ke damunsa. Mu da muke zaune a sandaƙa, ɗakunan langa-langa da ake jin tarin maƙwabci, wannan kaɗai ne sirrin da muke da shi, shi ya sa muke riƙe da shi da ƙarfi. Kullum in zan tafi aiki sai na tsaya. Sallama uku. Wani lokaci ya ce, "Lafiya lau, ka tafi." Wani lokaci shiru. Ni kuma in juya, ina jin ni mai ladabi ne.

Da kansa ya kashe kansa. Ba zan faɗi yadda ya yi ba. Na gani, ya isa.

A unguwa aka ce ciwo ne. Wasu suka zo jana'iza, wasu suka tuna suna da uzuri. Kawu ya yi masa wanka, mu 'yan ƙyaure muka ɗauke shi. Uwarsa ta nemi koren ƙyauren, muka kai mata. Ta ɗora shi a kan gwangwanaye biyu a ƙofar gida, ta ci gaba da sayar da gyaɗarta a kai.

Bayan kwana arba'in abin ya zo kaina. Ban san sunansa ba a lokacin. Ni dai na san buhu. Wannan buhu ne da aka ɗora min aka manta ba a ce in sauke ba. Na daina zuwa mina. Na daina wanka. Abinci kamar toka. Yayata, wadda ke aure a lungun bayanmu, takan ajiye min kwano a bakin ƙofa, kyanwa ta cinye. Ta ce aljanin teku ne ya biyo ni. Ta kawo rubutu, ta kawo hayaƙi, ta tura ta ƙarƙashin ƙyaure har na kusa shaƙewa. Aljanin bai ko yi atishawa ba.

Na sa sakata na kwanta. Ina kallon rufi, ina ƙirga safiyoyin da na tsaya a ƙofarsa. Kuma zan faɗi gaskiya, hanyar da ya bi ta fara yi mini kama da hanya mai sauƙi. Mutane suna zuwa, su yi sallama uku, su juya. Masu ladabi, kamar ni.

Wata Juma'a da hantsi na ji muryar Kawu. Ya yi sallama, na yi shiru. Ya sake. Ya yi ta uku. Na jira ƙarar takalminsa. Sai na ji ƙarfe yana cizon katako.

Ƙyauren ɗakina, shi ya haɗa min shi da allunan akwatin kaya. Da yankin tsohuwar tayar mota ya maƙala shi, ƙusoshin duk ta waje. Ya san wurin kowace ƙusa.

"Kawu, me kake yi?"

"Au, ashe kana ciki."

"Ka yi uku. Ka tafi."

"Zan tafi, ɗana. An ce in juya, ba a ce in juya hannu wofi ba. Ƙyaure ya yi mana ƙaranci a bakin ruwa."

"Nawa ne."

"Ni na yi shi. Aro na ba ka. Yalla, maza ku kama can."

Rana ta faɗo min a fuska. Mutum huɗu na gani, sun ɗora ƙyaurena a ka, sakatar tana lilo, suna tafiya cikin lungu ba wanda ya waiwayo. Na zage su. Wannan ce maganar da ta fi tsawo da na yi cikin wata biyu.

Wanda bai taɓa zama a ɗaki marar ƙyaure a Ammariyya ba, bai san jama'a ba. Kaji suka fara shigowa. Mai ruwa ya sauke gwangwanayensa a bakin ƙofa ya huta, ya ba ni labarin ciwon bayansa tun daga farko. Tsohuwar da ke gabanmu ta leƙo ta ce ashe haka ɗakin yake da datti. Na rataya tsohon buhu a ƙofa ya zama labule, akuya ta cinye rabinsa. Yayata ta kawo tabarma ta zauna a bakin ƙofa tana tsintar shinkafa.

"Yaya, ba ki da gida ne?"

"Ina da shi. Naka ya fi iska."

Washegari Kawu ya kawo bencinsa da zartonsa ya kafa a gaban ɗakina. Ya ce inuwar nan ta fi ta shagonsa. Babu inuwa a wurin, ko ta allura. Daga safe zuwa la'asar yana goge katako, gumi na zuba, yana waƙar Sudan da muryar da ba ta dace da waƙa ba. In ya tashi, wani ɗan ƙyaure ya zo ya zauna, wai yana jiran wani. Sai bayan shekaru na gane rabon lokaci suka yi. Mako guda cur, ban yi sa'a ɗaya ba ido a kaina ba.

Buhun yana nan a wuyana. Amma wani abu ya shigo kusa da shi, haushi. Haushi kuwa yana tayar da mutum zaune. Ranar Alhamis na ci rabin kwano don kawai in hana kyanwar nan. Ranar Juma'a na ɗaura futa na fita. Na ce zan karɓo kayana, in dawo, in buga shi da ƙusa ta ciki.

Na iske su a wurin da muka saba. Iska tana kaɗawa sosai. Kawu yana zaune a yashi yana shan shayi. Bai yi mamaki ba, bai ce sannu ba.

"Ina ƙyaurena?"

Ya nuna da haɓa. Can cikin ruwa, mafi ƙibar cikinmu, wani mai sayar da ful, wato dafaffen wake, yana kwance a kansa kamar an shanya kifi. An zagaye kan da zarto. An shafe shi da mai, yana ƙyalli.

"Kun yanka shi."

"Kaɗan. Ya fi kyau yanzu."

"Ka ce ya fito da shi."

"Ni na gaji. Mai kaya shi ke shiga."

Na shiga. Ruwan da sanyi, ya kama ni a ƙirji har na yi ajiyar zuciya ba da niyya ba. Na isa wurin mai ful, na kama ƙafarsa na kifar da shi. Ya taso yana tari yana dariya.

"Halas, shi ke nan, ɗauki abinka. Ba ya ma tafiya daidai, hagu yake ja, kamar mai shi."

Na hau don in tura shi bakin gaɓa, ba don wasa ba. Ban duba baya ba. Igiya ta zo ta ɗaga ni. Hannuwana suka kama gefe da kansu, jiki ya tuna abin da kai ya manta. Ga iska, ga kumfa, ga gudu. Kuma ga sakata, domin Kawu bai cire ta ba. Ta karce ni tun daga cibiya har haƙarƙari. Tabon yana nan. Ruwa ya watsar da ni a yashi, ƙyauren ya biyo baya ya buge ni a ƙeya.

Na zauna a wurin na yi kuka, irin wanda ban yi a maƙabarta ba. Ba wanda ya matso. Suka ci gaba da hawan ruwansu, suna zagin juna da ƙarfi fiye da kullum. Can Kawu ya zo ya zauna, ya miƙo min sauran shayinsa.

Na ce, "Kullum ina tsayawa a ƙofarsa. Kullum ina juyawa."

"Ni ma na tsaya," in ji shi. "Sau biyu. Jakar kayan aikina tana kafaɗata."

Ya duba cikina, ya ce wannan ɗan karce ne, in daina zubar masa da jini kusa da shayi.

Ni na ɗauko ƙyauren a ka har gida. Na mayar da shi wurinsa, sai ga shi bai rufe ba. Inda zarto ya zagaye, kusurwa biyu na sama sun zama taga, kowace kan mutum zai shiga. Na ce Kawu ya toshe. Ya ce katako ya yi tsada, sai wani watan. Watan bai zo ba har na bar ɗakin. Kowace safiya sai na ga fuska a kusurwar, ta Yaya ko ta mai ful.

"Kana da rai?"

"Ina da shi."

"To fito da shi waje."

Ban warke ranar nan ba, kada wani ya ɗauka haka. Na yi watanni ina jan ƙafa. Har yau yakan dawo, yawanci in sanyi ya shigo. Da na manyanta wani likita ya gaya min ciwo ne kamar kowane ciwo, yana da magani, na sha, ya taimaka. Amma kafin likita, abin da na koya shi ne in buɗe baki in ce wa Yaya, buhun ya dawo. Ita kuma ta ɗauko tabarmarta.

Daga nan abin ya zama doka a cikinmu. Ɗan ƙyaure in ya rufe ɗaki kwana uku ba ciwon jiki ba, a yi masa sallama uku yadda aka koya mana, sannan a cire. Wasu sun yi fushi. Wani ya bi mu da taɓarya har bakin titi. Mun ji daɗin ganin yana gudu.

Shekarar da matar Kawu ta rasu, ya gama karɓar gaisuwa, ya shiga ya rufe. Kwana uku ba a ji zarto ba. Na ɗauki guduma, na kira mai ful. Ƙyauren Kawu na gaske ne, katako mai kauri da ya ajiye wa kansa daga wani tsohon gida, da zane-zane a jiki. Na yi sallama uku.

Daga ciki ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Na san me ya kawo ka, ɗan banza. Wannan ƙyauren ya girmi ubanka."

"To zai ga teku kafin ya mutu."

Na sa guduma a ƙusar farko. Sai na ji motsi, na ji yana neman takalmi.

"Ba ta nan ake farawa ba," in ji shi. "Za ka tsaga min katako. Jira in fito in nuna maka."