Butar Baba Mai Gyaran Fili

Abin da na fara gani ranar da aka kai ni makarantarmu ta unguwar Abu Hamour a Doha shi ne kabad ɗin kofuna a bakin ofis. Kowane wasa da kofinsa, sai gurbi ɗaya a sama, wayam. Na besbol ne, wasan nan da ake dukan ƙwallo da gora a ruga a zagaye fili. Rabon makarantar da cin kofin tun ba a haife ni ba. Sukan kai wasan ƙarshe, sai a cinye su. Ɗalibai suka ce baki aka yi wa ƙungiyar.

Ni ba mai magana ba ce. Lokacin tara nakan zauna ni kaɗai a bencin 'yan kallo. A nan na san Baba mai gyaran fili, wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da bas ke kawowa daga Sanaiya, unguwar leburori. Kullum yakan zo da shuɗiyar buta, ya yayyafa ruwa inda mai dukan ƙwallo ke tsayawa, ya daddanna da tafin hannu, leɓɓansa na motsi. Sai da na yi wata guda kafin na iya tambayarsa dalili.

"Hajiya ƙarama, jar laka ce nan, ranar Doha na tsattsaga ta. In ban jiƙa ba, ƙafar ɗan wani ta gurɗe."

"To me kake karantawa?"

"Salati mana. Baki ya zauna a banza?"

Mai rubuta shafin wasanni a jaridar makaranta 'yar aminin Abbana ce, 'yar ajin ƙarshe. Mota ɗaya ke ɗaukar mu, Yaya nake ce mata. Ana gab da wasan ƙarshe ta ce za ta yi rubutu kan bakin da aka yi wa ƙungiyar.

"Ke mai idon mage, ba abin da kika gani a filin nan?"

Na ji daɗi an tambaye ni. Na zayyana mata komai: butar, lakar, salatin.

Aka sake cinye mu. Jarida ta fito da hoton Baba a tsugune, an ɗauke shi ta baya. Babu zancen laka, babu salati. An rubuta cewa wani ma'aikaci na zuba wani irin ruwa a fili yana surkulle, kuma wata ɗaliba mai lura ta shaida.

A mota na ce, "Yaya, ai na gaya miki don ƙasa ke tsagewa ne."

Ba ta ɗago daga wayarta ba. "Khalas, ya isa, ke ma dai! Wa zai karanta labarin laka? Raha ce kawai."

Iyayen 'yan wasa ba su ɗauke ta raha ba. Kwana uku ban ga Baba ba. Butar na nan jikin wayar shinge, ƙasar ta dare har yatsana na shiga. Mai gadi ya ce ranar Lahadi, farkon makon aiki a nan, makaranta za ta yanke hukunci, in ta ce ba ta son sa, kamfanin da ya kawo shi aiki gida zai mayar da shi.

Da Abba ya dawo daga aiki na tare shi tun bai cire takalmi ba. Na miƙa masa jaridar, na ce ni ce ɗalibar.

"Abba, ka raka ni wurin shugabar makaranta ranar Lahadi. Ni zan yi bayani. In muryata ta maƙale, don Allah kada ka ari bakina, ka dai tsaya kusa da ni har ta fito."