Hannun da ya wanke wana

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar Agali, kuma sai yau na iya ɗaukar alƙalami a kansa. Karatuna bai yi nisa ba, aji huɗu na yi a lakwal, wato makarantar boko, masu karatu su yi mini haƙuri. Wannan ɗan karatun ma shi ya kai ni ga abin da zan faɗa.

Garinmu yana tsakanin Buza da Garhanga. Agali Buzu ne daga unguwar da ke bayan rijiya, mutanen da kakanninsu suka yi zama ƙarƙashin masu raƙuman arewa kafin su kama hauya kamar kowa. Gonarsa na jikin tamu. Tare muka yi kiwo, kuma har ya bar duniya bai daina kirana ɗan lakwal ba.

Shekarar da amai da zawo suka shigo ƙasar nan, na gane tsoro ba ɗaya ba ne. Ma'aikatan Madawa ruwa suke tsoro, har tafasa shi suke yi. Fataken albasa suna tsoron a rufe kasuwa. Mu manoma hankalinmu na kan gero, don ciyawa ba ta jiran mai zaman makoki. Su kuwa mutanen Agali ba ciwon ne ya fi damunsu ba. An fara raɗa cewa daga unguwarsu ya fito, suna tsoron a hana su rijiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Don a toshe bakin masu raɗa Agali ya karɓi wankan gawa. A al'adarmu dangi ke wanke nasu, amma a wannan damina kowa ya janye hannu. Ya ce mini, "In ni ka wanke musu iyaye, wa ka da ido shi kore mu daga rijiya?"

Likitan Buza ya zo da mota, ya bar wa mai gari takarda da kwalba biyu ta jabel, ruwan nan mai kashe cuta. Ni kaɗai ke iya karanta faransanci, aka miƙo mini. Takardar ta ce kwalba ɗaya ta rijiya ce, ɗaya ta mai wankan gawa, ya riƙa surkawa yana wanke hannu kafin ya taɓa abinci. Na karanta ta rijiya da ƙarfi. Sauran na haɗiye. Na ce ta biyun ajiya ce, na kai ta gidana, matata tana ɗiga ta a randarmu. An ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Ni ruwan ɗan'uwan nawa na ɗauko na shafa.

Bayan kwana biyar wana Mamman ya faɗi, kafin la'asar ya cika. Ni ya kamata in wanke shi. Na tsaya a zaure na aika a kira Agali. Da ya fito daga wankan, hannunsa a jiƙe, ya tsaya gabana.

"Ɗan lakwal, takardar nan taku, ba ta ce komi ba bisa mu masu wanka?"

Na ce, "Ba ta ce komi ba."

Ya yi dariya. "To, ko nasara ya san Buzu ba shi mutuwa da arha." Ya goge hannu da rawani, ya karɓi furar sadaka ya sha.

Kwana uku ya yi, ya rasu. Ban sani ba ko kwalbar za ta tsare shi, rai na Allah ne. Abin da na sani, ya tambaye ni, na kuwa san amsa. Wani tsoho na unguwarsu ya wanke shi. Daga cikin gari ba wanda ya je, har ni.

Ina tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. An yi mana rijiyar siminti, akwai rediyo a gidaje da yawa, yara masu karanta takarda sun fi a ƙirga da yatsu. Amma da sanƙarau ya ratso mu bazarar da ta wuce, bayan daminar da ta ƙi, masu hali suka kwashe iyalinsu zuwa Tawa, masu jaki suka bi su a baya, aka bar waɗanda kullum ake bari. Raɗar nan ma ta dawo, da kalmominta na da. Ina jin zai ce mun sake guga ne kawai, rijiyar tana nan yadda take.

Bara babban ɗansa Alhasan ya zo sallama, zai tafi ci-rani Abijan. Na zaunar da shi na faɗa masa duka, ban rage ba. Na so ya zage ni. Sai ya ce:

"Baba, ai mun sani. Matarka ta gaya ma Inna tun ba a yi arba'in ba. Inna ta ce mu riƙa gaishe ka, don rijiya ɗaya muka sha."

Ashe shekara goma sha uku suna durƙusa mini da safe, sun sani, ni kuma ina amsawa.

Unguwarsu ta kusa zama kufai, samari sun watse, kabarin Agali ma ba zan iya nuna shi ba. Ban ga abin da gari ya koya daga gare shi ba, sunansa ba ya cikin hirar kowa. Abin da ya rage shi ne matarsa, ta tsufa, gobe da safe za ta wuce ƙofata da tulu ta ce, "Malam, an tashi lahiya?" Allah ya jiƙan Agali. Ni ban san da wane baki zan amsa mata ba.