Matar da Ta Juya Kwalba

Ƙarfe shida da rabi na safe ba ta taɓa samun Uwar Ɓeraye a gida ba. Kafin masu shara su gama da barandar sashen bincike, ta riga ta buɗe ɗakin ƙarshe, wanda warinsa ke sa baƙo toshe hanci tun daga matakala. Sai ta zura farar riga da safar hannu, ta bi keji bayan keji: ta kwashe jiƙaƙƙiyar dusar katako, ta zuba sabuwa, ta wanke kwalaben ruwa, ta ɗora kowane farin ɓera a sikeli ta rubuta nauyinsa a wani littafi mai baƙin bango. Tana yi tana hira da su. "Kai na sha huɗu, jiya ma ba ka ci ba. Da wa kake gaba?" Shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Mu ma'aikatan sashen muka laƙaba mata sunan don tsokana, ita kuwa ta karɓe shi hannu biyu.

Ba tsabtar keji kaɗai ta jawo wannan jinjina da muke yi mata ba. Akwai wata takarda a fayil ɗinta da ta shekara bakwai tana yi mata ƙazafi, kuma duk mun san da zamanta.

Dakta ne ya rubuta ta. A lokacin sabon dawowa ne daga karatu, ga kwanya, ga rawar kai. Bincikensa a kan ciwon damuwa ne, irin wanda ke kama mutum bayan ɓarin jikinsa ya shanye. Sai a sa wa ɓera maganin barci, a toshe masa wata jijiyar jini ta ƙwaƙwalwa, ya farka da raunin gefen hagu. Bayan makonni a rataya masa kwalba biyu, ɗaya ruwa zalla, ɗaya ruwan sukari. Lafiyayyen ɓera ba ya wasa da zaƙi. Wanda ya daina kula sukari, an ce damuwa ta kama shi. Don kada a rikice, Dakta ya kafa doka: sukari a hagu, ruwa a dama, kullum. Ai kuwa ɓerayen suka ƙaurace wa sukari kusan dukansu. Dakta har tafiyarsa ta canja.

Ranar nan Uwar Ɓeraye ta tare shi a bakin ƙofa. "Dakta, ɗana, ina ganin 'ya'yan nan ba ƙin sukarin suka yi ba. Hagun ce ba sa kulawa."

"Mama, ki tsaya a kan dusarki," ya ce, ko kallonta bai yi ba.

Sau uku tana faɗa. A na huɗu sai ta juya kwalaben keji shida, sukari ya koma dama, ta rubuta abin da ta yi a littafinta, ta kai masa da kanta. Huɗu daga cikin ɓerayen sun shanye sukarin tas.

Tirƙashi! Abin da Dakta ya gani kawai shi ne aikin shekara biyu zai rushe. A gabanmu, mu tara, ya wanke ta soso da sabulu. Ya ce wa ya aike ta, ajinta nawa a boko, yaushe mai kwasar kashin ɓera ta zama mai bincike. Kowannenmu ya duƙufa a kan na'urarsa kamar an aiko shi. Washegari takarda ta fito: ta ɓata gwaji da gangan. Ita ta hana ta ƙarin girma har yau. Uwar Ɓeraye ta sa hannu, ta ce, "Allah ya huci zuciyarka," ta koma ɗakinta mai wari.

Wata biyar bayan haka masanan da aka aika wa aikin don su tantance suka dawo da shi da tambaya ɗaya: an riƙa sauya wa kwalaben wuri? Nan take Dakta ya tuna da maganarta. Ya lallaɓa ɗakin ƙarshe lokacin da ta fita salla, ya buɗe baƙin littafin. A gefen nauyin kowane ɓera ta yi 'yar alama: wannan dama yake juyawa, wannan ya ga kwalbar ya kau da kai. Tana shigowa ta same shi tsuru-tsuru.

"Mama, ya aka yi kika sani?"

Ta rataya mayafinta a ƙusa. "Maigidana shekara huɗu yana kwance da ciwon nan. Da farko in na ajiye masa faranti, rabin dama yake cinyewa, ya ce abincin ya ƙare. Sai in juya farantin, ya ci sauran. Daga baya ko na juya, sai ya zuba masa ido kawai, ya ce in ɗauke. Na farkon bai lura ba ne, Dakta. Na biyun ransa ne ba ya so. Ai ba ciwo ɗaya ba ne."

Da wannan magana aka sake gwajin daga tushe, ana sauya kwalabe, aka ware ɓerayen da damuwar ta kama da gaske. Aikin ya fito, ya kai Dakta inda yake yanzu. A shafin godiya ya gode wa shugaban sashe, da matarsa, da kamfanin da ya ba da na'ura. Sunanta babu. Takardar kuma tana nan, domin cire ta na nufin ya rubuta da hannunsa cewa shi ne mai kuskure. Kullum sai ya ce gobe. Ya koma gaishe ta har da rusunawa, yana aika mata tsaraba in ya yi tafiya, amma in suka haɗa ido sai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Mu ma da muka sani, wallahi ba mu fi shi ba.

Makon jiya sakatariya ta kawo fayil ɗinta don ya sa hannun sallama, shi ne shugaban sashe yanzu. Takardar na sama-sama, ta yi ja don tsufa. Ya daɗe yana kallon sa hannunsa. Sannan ya tara mu, ba a ofis ba, a ɗakin ɓerayen, cikin warin. Ya karanta sabuwar takarda: cewa ba ta ɓata gwaji ba, ita ta cece shi, cewa ya san haka shekara bakwai ya yi shiru.

"Mama, na ci mutuncinki a gaban mutanen nan. A gabansu nake roƙon ki yafe mini."

Ta share ido da bayan safar hannu. "Na yafe tun ranar, ɗana. Abin da ya yi mini ciwo ɗaya ne: maigidana Malam ya rasu yana tambayata ko an wanke ni."

Ba wanda ya iya ɗaga kai.

Mama, ke ce kika ga abin da masu digiri suka tsallake. Ke ce kika faɗi gaskiya sau uku, kika sha zagi a na huɗu, kuma washegari kika zo ƙarfe shida da rabi. Ƙarin girman da muka hana ki ba zai dawo ba, Malam ma haka, kuma muna jin kunyar wannan. Mun gode, uwar marasa baki. Allah ya saka miki, ya ji ƙan maigidanki.

Ku kuma masu farar riga a ko'ina, akwai irinta a ɗakin ƙarshe na wurin aikinku. In ta tare ku a ƙofa ta ce ta ga wani abu, ku tsaya ku ji. In kuwa kun riga kun zalunce ta, ku je yau, tun wanda take so ya ji an wanke ta yana da rai.