Fiyar Dajin da Shumaf Ya Yi wa Aure

A ƙauyenmu na ƙabilar Adige, can gindin duwatsun Kafkas, namiji ba ya shiga daji da bazara bai yi wa ko itace ɗaya aure ba. Haka kakanni suka bar mana. Amma na Shumaf ya wuce al'ada, ya zama ciwo. Da ya hango fiyar daji, mai 'ya'yan nan ƙanana masu ɗaure baki, sai ya sare kanta, ya tsaga kututturen, ya cusa reshen fiyar lambu, ya shafe da laka. Sadakarsa ke nan. Ba shi da gonar kirki, ba shi da ɗa namiji, matarsa ta rasu da wuri. Abin da yake taƙama da shi biyu ne: matafiyi ba ya yunwa a dajinmu, sai kuma 'yarsa Nafiset.

Ita tana birni, tana aiki a gidan da ake adana busassun ganye manne a takardu. Duk kaka yakan aika mata buhun busasshiyar fiya, ko ta so ko ta ƙi.

Bara ta zo gida da hoton wata tsohuwar takarda. A jikinta reshen wata irin fiyar daji ne mai siraran ganye masu ruwan toka, an tsinko shi tun kafin a haife ta. A ƙasa an rubuta inda aka samo shi: saman marmaron ƙauyenmu, gefen tsagaggen dutse.

"Baba, irin wannan babu shi ko'ina," in ji ta. "Mun duba duwatsun nan kaf. In bishiyar nan ba ta raye, to iri ya ƙare."

Shumaf ya ture akushin tuwon gero da cuku, ya yi dariya. "Yo ku da karatunku, wannan 'yar banzar kuke nema? Na san ta kamar yunwar cikina. Sa takalminki."

Wayyo, da murnarsa ya hau dutsen nan, yana dogara sanda yana zuba. Wai bishiyar nan taurin kai gare ta, sau biyu tana ƙin aure, a na uku ya ci ƙarfinta. Nafiset ta tsaya cak.

"Aure ka yi mata, Baba?"

"To me? Ko alade ba ya cin 'ya'yanta. Fiyar da kike ci a birni duk shekarun nan, daga ina kike zato?"

Ta wuce gaba da sauri. Sauran fata ɗaya ya rage mata: saiwar ta asali ce, kuma saiwa takan yi toho ta ƙasa.

Suka iske bishiyar a bushe ƙayau. Farin shekaru biyu da suka wuce ne ya kashe ta. Nafiset ta durƙusa tana tonon ƙasa da yatsu. Ta sami gindin toho birjik, kowanne an yanke shi sumul, yankan gwani. Ai Shumaf ba ya aikin ganganci. Duk bazara yakan hau ya datse su, kada su shanye ƙarfin reshen lambu.

"Ko ɗaya ba ka bari ba?"

"Haka ake yi, 'yar nan," ya ce. "Haka babana ya koya mini."

Da ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Sai kawai ta karkaɗe gwiwoyinta, ta kama hannunsa don kada ya zame, suka sauko.

Baƙin ciki ya kwantar da tsohon nan, wallahi, har muka zaci tafiya ce. Ya tashi, amma bana bazara ta zo ta wuce wuƙarsa tana rataye. Yakan zauna a ƙofar gida ya zuba wa dajin ido, yana tambayar duk mai wucewa ko irin waccan nawa ya sare bai sani ba. Babu mai amsar, don babu wanda ya tsinki ganyensu ya ajiye.

Da kaka ya ɗaure buhu kamar kullum. Direban motar birni ya tsaya ya danna oda, ya sake dannawa. Shumaf yana zaune a kan buhun, bai tashi ba.